Ranar da Safiyo Ya Zo Cire Kalmar Sirri

Safiyo mutum ne mai kulle-kulle. Shekara talatin yana auna filayen mutane, bai taɓa barin durowa a buɗe ba. Ko da ya yi ritaya, kwamfutar da ke kan teburin falo sai da ya sa mata kalmar sirri, sai ka ce akwai mai satar hotunan jikoki. Bai rubuta ta a ko'ina ba. A ganinsa, mai rubuta kalmar sirri a takarda da mai barin makulli a jikin ƙofa duk ɗaya ne.

To ga shi yanzu kan nasa ya fara yoyo. Wata huɗu ke nan da likita ya gaya masa cewa mantuwar nan ba ta tsufa ba ce kawai, kuma gaba za ta yi, ba baya ba. Bai faɗa wa kowa ba. Sai ya jera hotunan 'yan gidan a cikin kwamfutar, kowa da sunansa a ƙasa. Kullum da safe, matarsa na shiga kicin, zai zauna ya yi bita kamar ɗalibi. Da wannan bitar yake rufa wa kansa asiri.

Jiya da yamma sai da ya yi minti biyu yana kallon akwatin kalmar sirrin kafin yatsunsa su tuna. Nan ya yanke shawarar cire ta gaba ɗaya. Ya san hanyar: a shiga, a rubuta tsohuwar sau ɗaya, a bar gurbin sabuwar ba komai. Da a take ya yi, da an wuce wurin. Amma Safiyo, tun yana ofis, aikin da bai shiga jadawalin ranar ba sai gobe. Ya kashe kwamfutarsa, ya lulluɓe ta da ƙyallenta.

Yau kuwa 'yarsa za ta zo da yaranta uku da ƙarfe biyu, ga shi bai yi bita ba.

Ya kunna, akwatin ya fito, ya ɗora yatsu. Shiru. Ya ɗauke hannu ya goge a riga, ya sake ɗorawa, ko za su tafi da kansu kamar jiya. Ba su motsa ba. Ya gwada lambar motarsa, kwamfuta ta ce ba haka ba. Ya gwada shekarar da ya fara aiki. Sai wani ɗan rubutu ya bayyana a ƙasan akwatin, tunatarwar da shi da kansa ya ajiye tun ranar farko: *Sunan da nake kiran ta da shi.*

Har ya yi ajiyar zuciya. Wannan ai mai sauƙi ne. Ya san sunanta na yanka, amma ba shi ake nufi ba. Akwai wanda shi ya raɗa mata tun suna gidan haya, wanda ba mai kiran ta da shi sai shi. Ya buɗe baki zai faɗa, bai sami komai ba.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ofishin likita. Daga kicin yana jin ƙarar cokali a kofi, yana jin ɗan tarin da take yi. Ya san tarin, ya san takunta, ya san tabon da ke gwiwar hannunta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya fara bin haruffa ɗaya bayan ɗaya a zuci, ko wani zai ja sauran. Agogon bango ya ce goma da rabi.

"Shayinka zai huce," in ji ta. Tana tsaye a bayansa da kofi, bai san tun yaushe ba.

Ya kai hannu zai rufe rubutun, amma ta riga ta karanta.

"Kwamfutar ce ke wasa da ni," ya ce. "Kin san halinta."

"Na san halinta. Matsa mini, Malam."

Ta ajiye kofin, ta zauna a gefen kujerar. Ita da ba ta taɓa taɓa kwamfutar nan ba, da yatsa ɗaya ta danna, a hankali. Ya zura ido ko zai ga haruffan, amma ɗigo-ɗigo kawai ke fitowa, guda shida. Kwamfutar ta buɗe, hotunan na nan a jere da sunayensu. Ta daɗe tana kallon su.

"Ina ake cirewa?" ta ce.

Ya nuna mata. Ta sake rubuta tsohuwar, ta bar gurbi biyu na ƙasa ba komai, ta danna.

"Yau kwana tara ba ka kira ni da shi ba," ta ce, idonta na kan hotunan. "Na zaci fushi kake yi. Da ma fushin ne."

Ya juyo ya dube ta. "Faɗa mini shi."

Ta sunkuyo ta faɗa masa a kunne, a hankali, sau biyu. Ya saurara da kyau. Suna ne mai daɗi, gajere. Ya jira ya ji wani abu ya motsa a kansa, ita kuma tana kallon fuskarsa tana jira.

Kamar bai taɓa jin sa ba.