Faifan Jana'izar Malam Thiessen

Ba a ma binne mahaifin Frauke Thiessen ba, abokansa biyu suka iso gidansa da ke Husum, wai sun zo taya ta zaɓen waƙar da za a saka a coci ranar jana'iza. Dakta Brodersen, tsohon likitan haƙori, shi ne a gaba, Malam Jessen na biye da kwalin kek a hannu.

Shekara da shekaru, duk Lahadi su ukun kan taru a falon nan su saurari abu ɗaya: wani jerin waƙoƙin bankwana da duniya da aka tsara fiye da ƙarni guda da ya wuce, murya ɗaya na rerawa, babbar ƙungiyar makaɗa na rufa mata baya. Marigayin ya tara faya-fayan mawaƙan da suka rera shi har suka cika kanta guda.

Frauke ta kawo musu kofi. Idonta a kumbure yake, amma ba wanda ya lura.

"Zauna, 'yar nan, ki ji abin da ubanki ya ƙi yarda da shi," in ji Dakta, yana zaro faifai kamar a gidansa. "Da mawaƙiya Ohlerich za mu fara."

Ya ɗora allurar garmaho a kan faifan. Gogen makaɗa ya taso a hankali, sai muryar mace ta shigo, mai kauri, tana faɗin gajiya da son kwanciya. Frauke na shirin sakin hawaye, Dakta ya ɗage allurar, ƙiiit.

"Kun ji? Ta ja numfashi a tsakiyar kalma! Wannan ai cin mutunci ne."

"Lokacin ta tsufa, ga teɓa," Jessen ya ce da baki cike, farin kirim a gashin bakinsa. "Saka mana 'yar Suwidin ɗin nan."

Aka saka Vestergren. Ba ta kai ko'ina ba Dakta ya yatsine fuska. "Murya tas, amma babu jini. Kifi ne a kan ƙanƙara."

"Kai dai ba ka yafe mata ba tunda ta ƙi gaishe ka a Hamburg," in ji Jessen.

Suka ƙyalƙyale da dariya. Jessen ya sake yankar kek, ya goge yatsunsa a hannun kujerar marigayin.

"To yanzu ga gwani," Dakta ya ce, ya ɗaga wani faifai mai tsohon bango. "Keményfi. Namiji ne, amma ya shanye matan duka. Ya ɗauki wannan ne ciwon huhu na cinsa, bai ga ƙarshen shekarar ba. Kasa kunne wajen ƙarshe."

Muryar ta zo a dushe, tana jan kowace kalma da ƙyar. Can wajen ƙarshe mawaƙin ya ja iska, ƙirjinsa ya yi wani kakari siriri. Irin wannan ƙarar Frauke ta kwana tana ji a asibiti, tana riƙe da hannun mahaifinta.

"Nan ne daɗin!" Dakta ya tafa cinya. "Kin ji huhun ya fara lalacewa? Mai lafiya ba zai iya wannan ba." Ya mayar da allurar baya. Kakarin ya sake fitowa. Ya ƙara mayarwa, ya lumshe ido yana taunar kek.

Frauke ta dubi haƙoran Dakta, farare, jere, da ɓurɓushi a tsakaninsu.

"Af, Frauke," Jessen ya ce, yana shafa bayan faya-fayan da ke kanta, "waɗannan fa yaya za a yi da su? Ubanki ya taɓa cewa na Keményfi nawa ne."

"Ƙarya kake, ni ya ce wa!" in ji Dakta.

Frauke ta tashi ta zare wayar garmahon daga bango. Muryar ta yi ƙasa, ta mutu.

"Kawu Brodersen, ku tashi ku tafi."

"Haba, 'yar nan, ba mu ma ji sauran ba."

"Ku ɗauki kek ɗinku."

Jessen kuwa ya ɗauka, har ya rufe kwalin da kyau. Da suka fita ta buɗe tagogin duka, duk da ruwan da ake yi, ta kai kofunansu kicin ta wanke da ruwan zafi, ta sake wankewa.

Ranar jana'iza ba a saka faifan kowa ba. Jama'a ne suka rera waƙar coci, wasu na gaba, wasu na baya. Wajen shan kofi bayan binnewa, Frauke ta jiyo Dakta yana gaya wa fasto cewa an ja waƙar da yawa, sai ta ɗauki farantinta ta koma wani tebur. Satin da ya biyo baya yayanta Sönke ya zo daga Kiel da mota, suka kwashe kantar suka kai makarantar koyon kiɗa. Jessen ya yi ta bugo waya, ba ta ɗaga ba.