Awakin Dokta Rahina

Dokta Rahina Sanda ta sauka daga motar haya a Gangara da hantsi, ta hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ƙauyensu, jaka a cinya, zafin bazara yana dukan ƙeyarta. Ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Tana neman kujerar farfesa a cibiyar binciken da take aiki a Yamai, kuma an gaya mata a fili cewa sai ta kawo sakamakon kashi na biyu na aikinta za a duba takardunta. In babu shi, kuɗin bincikenta ma za a janye, a rufe ɗan ɗakin gwajin da ta yi shekaru tana tattali.

Aikin nata a kan haihuwar jar akuya ne, irin tamu ta Maraɗi. Shekarun baya ta zo ƙauyen nan ta tara awakin mata, ta ƙara musu dusa da harawa, ta sa musu wani magani da ke sa su nemi bunsuru lokaci ɗaya, sannan ta ɗura musu maniyyin wani zaɓaɓɓen bunsuru. Kowace akuya ta maƙala mata lambar roba mai rawaya a kunne. Da aka haihu, ma'aikacin kiwo na yankin, wani Maharazu, ya riƙa zuwa a babur yana ƙirga 'ya'yan yana aika mata. Abin da ya fito ya girgiza masana: kusan kowace akuya 'yan biyu ta haifa, kuma duk sun rayu.

Su masu bincike ba a auna su da yawan damin gero, ba a auna su da mutanen da ke ci a gidansu. Ana duba sau nawa wasu masana suka ambaci takardar mutum a cikin nasu rubutun, shi ke nan darajarsa. Wani sai ya tsufa yana gwaje-gwaje ba wanda ya kula da shi ko da zagi. Takardar Rahina kuwa an ambace ta fiye da sau ɗari bakwai, daga ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba. Da wannan takarda guda ta ci abinci, da ita ta hau jirgi, da ita maza masu furfura suka koyi tashi su ba ta kujera. Yanzu abin da ya rage shi ne ta bi 'ya'ya matan awakin nan, waɗanda Maharazu ya sa wa lamba kafin ya yi ritaya, ta nuna ko su ma 'yan biyu suke haifa.

Gwaggo Batulu ce ta tare ta a ƙofar gida da guɗa. Ƙanwar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama bayan iyayenta sun rasu, kuma ita ce shugabar ƙungiyar matan ƙauyen. Rahina ta durƙusa ta gaishe ta, ta sha fura, amma idonta yana kan turken awaki. Akwai guda uku a ɗaure, ramammu, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ba ko ɗaya mai lamba a kunne.

"Gwaggo, ina lambobin?" Rahina ta tambaya.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata, suna nan lahiya lau," in ji Gwaggo. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon samira, ta kwance tsumman da aka ɗaure murfin da shi. Lambobi ne cike da kwanon, an wanke su tas, suna ƙyalli.

"Ke da bakinki kika ce kada mu bari su ɓace," Gwaggo ta ci gaba. "To ƙaya na fizge su a daji, guda biyu sun salwanta, hankalina ya tashi. Sai na sa kowace mace ta cire tata ta kawo mini ajiya. Ƙirga ki gani, ko ɗaya ba ta ƙara ɓacewa ba."

Rahina ta zauna a bakin turmi. Jar akuya ko'ina jar akuya ce, lambar nan kaɗai ke raba 'yar wance da 'yar wance. Ta tambaya ko matan za su iya tuna wace lamba ce ta wace akuya.

Gwaggo ta yi dariya. Ta ce ai awakin ba su zauna wuri ɗaya ba. An yi habbanaye da su, wato mace ta riƙe akuya har ta haihu, ta ɗauki 'ya'yan, ta miƙa uwar ga maƙwabciyarta. Wasu sun bi amare zuwa Agiye da ƙauyukan bakin iyaka. Ga shi bara damina ba ta yi kyau ba, an sayar da da yawa an sayi hatsi, wasu kuma sun mutu. Wanda zai warware wannan sai dai Allah.

"To aikina ya mutu, Gwaggo," Rahina ta ce. "Ba ni da abin da zan koma da shi."

"Haba, ya mutu muna raye? Ki ba ni zuwa azahar. Zan aika unguwar Hulani da ƙauyen su Hasiya, a aro miki jajayen awaki da 'ya'yansu, ki sa lambobinki ki rubuta abinki. Yadda munka yi wancan karon."

Rahina ta ɗago kai a hankali. "Wane karon?"

"Lokacin Maharazu mana. Bawan Allah mai ladabi, ba ya zuwa sai ya aiko tun jiya cewa gobe yana tahe. To duk wadda akuyarta ta haihi ɗaya, ko ɗan ya mutu, sai mu aro mata ɗan akuya mu ɗaure kusa da uwar. Ya zo ya ƙirga biyu, ya auna su, ya sha ruwa ya tahi. Da yamma kowa ya ɗauki nashi."

Ta faɗi wannan da fara'a, kamar mai ba da labarin yadda aka fita kunyar biki. A ƙauyen nan ba wanda zai kira shi ƙarya. In baƙo zai zo ana aron tabarma, ana aron kwano, ana aron zane, kuma duk baƙon da ya zo duba dabbobi ana cika masa garke. Rufin asiri ne, kuma da shi aka san mutanen kirki.

"Me ya sa, Gwaggo?" Abin da Rahina ta iya cewa ke nan.

"Don mun ga huskarki. Kin manta zuwanki na hwarko bayan an soma haihuwa? Gidan Saliha kika tarar da 'yan biyu, kika yi tsalle kamar yarinya. Gidan Rukaiya kika tarar da ɗaya, kika yi shiru har kika bar garin. Daren nan ban ci tuwo ba. Ke kaɗai ce ɗiyar garin ga da ta yi lakol, karatun boko, har ƙarshe. Sai mu bari ki koma cikin manyan mutane da kunya?"

"Nawa ne suka haifi 'yan biyu da gaske?"

"Akwai su. Da dama." Gwaggo ta ɗan yi tunani. "Ko dai kamar yadda aka saba? Wa ya riƙe wannan, ɗiyata?"

Tsoro ne ya kama Rahina, irin wanda ke sa mutum jin sanyi cikin bazara. Ba kashi na biyu kaɗai ya rushe ba, tushen ma babu shi. Ta tuna ɗaliban da suka gina digirinsu a kan lissafinta, da wani tsohon masani da ya taɓa cewa adadin ya yi kyau da yawa, ita kuma ta yi masa kaca-kaca a gaban taro har aka tafa mata. Ta ji haushin Gwaggo, ta ji haushin Maharazu da ladabinsa, amma ta rasa inda za ta sauke shi, don matar da ke gabanta ita ce ta sayar da 'yan kunnenta ta saya mata littattafan koleji.

"Dole in faɗa," ta ce. "Dole in rubuta musu a janye takardar."

Fara'ar Gwaggo ta ɗauke. Ta rufe kwanon, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Ki ce musu mi? Matan garinku maƙaryata ne? Sunan garin ga yana cikin takardar, ke kika karanta muna shi da bakinki." Ta nuna turken da haɓa. "Kin ga abin da ya rage mini. Wasu ko ɗaya ba su da ita. Mutanen furoje, masu aikin tallafin nan, sun zo watan jiya, sun ce saboda aikinki za a raba awaki bayan damina, kuma da mu za a hwara. Rukaiya mijinta ya tahi Libiya, ba labari, 'ya'ya biyar gare ta, akuyar nan take jira. In kin hwaɗi, za su ba mu?"

Rahina ta san amsar. Ta so a ce matan nan kaɗai ne suka ɗaure mata baki. Da ta leƙa zuciyarta sai ta tarar da kujerar farfesa zaune a gefen Rukaiya, kuma ba ta iya rantsewa wace ce ta fi nauyi ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ba ta ce a aika aron awakin ba, ba ta kuma ce kada a aika ba. Ta shiga ɗakin da ta girma a ciki ta kwanta a kan tabarma, tana jin Gwaggo a tsakar gida tana rarraba aike.

Bayan azahar filin bayan gida ya cika. Mata sun shigo da jajayen awaki a igiya, kowace akuya da 'ya'ya biyu a gefenta, wasu 'ya'yan suna ta kuka suna jan igiya zuwa wata uwar daban. Kowa ya sa zanen fita. Saliha ta kawo mata kujerar roba, wata ta kawo ruwan sanyi, wata tsohuwa ta dafa kanta tana sa mata albarka.

Gwaggo ta ajiye kwanon a gabanta ta buɗe. Rahina ta ciro awartakin maƙala lamba daga jaka. Aka jawo akuya ta farko. A kunnenta na hagu akwai tsagar wani makiyayi, tsohuwar alama wadda ba ta garin ba ce, kuma ba a taɓa huda mata kunne don lamba ba.

"Wannan ta wace ce?" Rahina ta tambaya, ba ta ɗaga kai ba.

"Taki ce," in ji Gwaggo. "Sa mata."

Rahina ta laluba cikin kwanon ta ɗauki lambar da hannunta ya faɗa a kai. Ta kama kunnen dama ta matse. Akuyar ta yi ƙara, matan suka ɗauki guɗa, Gwaggo ta ɗaga murya ta ce a kawo ta gaba.