Fayil Nawa, Lakabin Kamfaninsu

…wai "ba a san irin wannan fayil ba." Ni injin surfanin nan yake gaya wa haka? Ni da na koya masa magana? Allura ta tsaya cak a sama, zare ya yi laƙwas, rigar mutane shimfiɗe a ƙasa rabin fure babu, Yaya kuma tana bayana tana huci — ba sai na waiwaya ba, ina jin hucin a ƙeyata.

Kai, Gilashi, abokin aikina, duk inda kake. Kai fa ka ja mini wannan.

Tsarin nan a kaina ya tsiro. A shagon nan, kan benci mai ƙafa uku da bulo, na zauna na tsara yadda za a rubuta zanen surfani a fayil, kowane inji ya karanta — ina allura za ta shiga, ina za ta fito, wane launi. Ni, wanda aka kora daga aji saboda na sa wa malamin lissafi ƙadangare a aljihu. Kai ka yi digiri, to, Allah ya sanya albarka, amma wa ya fara sa injin Yaya ya zana fuskar maigidanmu, mai kamfanin da muke wa aiki, da kunnen jaki? Har hawaye ka yi don dariya…

Lakabi kawai ya rage. Ɗan layin nan da ke tafiya gaban fayil yana shela: ni hoto ne, ni sauti ne, ni zanen surfani ne. Ka ce sai an yi masa rajista a babban kundin da duk manhajoji ke dubawa. Reshe biyu, ka ce — na kamfanoni, da na mutum shi kaɗai. Na ce na mutum. Na ce a sa sunan da ake kirana da shi, Tsinke, duniya ta ringa furta shi ko tana so ko ba ta so. Ka gyara gilashi ka ce, "Bar mini Turancin, ɗan'uwa."

Ɗan'uwa…

"Auta, anjima fa za a zo karɓar rigar nan."

Na ji, Yaya. Na ji.

Ka aika. Masu dubawa suka dawo da tambayoyi, ka amsa, ni ina gefe ina cika baki a wurin masu gyaran waya, an kusa buga sunana inda ba a gogewa, ku yi ta gaishe ni tun yanzu kafin layi ya yi tsawo. Ai kai ka gaya mini — abin da ya shiga kundin nan ba ya fita, sai dai a ce ya tsufa. Ka san haka. Ka san haka, ka ɗauke shi ka kai reshen kamfani. Mai ikon canza tsarin: kamfani. Wanda za a tuntuɓa: kai. Ni fa? Ko a gefe, ko da ƙaramin rubutu irin na kwalin magani…

Me ka ce musu a kamfani? Tsinke ba ya jin magana? Zai iya ɓoye kukan akuya a cikin fayil? To na taɓa yi, sau ɗaya, a taron masu saye, kowa ya yi dariya har maigida — a'a, shi bai yi ba. Kai ma ba ka yi ba, yanzu na tuna. Ƙasa ka kalla. Tun ranar ke nan? Muna cin abinci kwano ɗaya kana auna ni?

Sai sabuntawar manhaja ta sauko cikin inji daga kamfani, shi ke nan, tsohon lakabina na wucin gadi, wanda nake sa wa fayil kafin rajista, ya zama baƙo. Kuma wa ya rubuta wurin da ke cewa in lakabi bai dace ba a ƙi fayil, babu lallashi? Ni. Har ina taƙama, nawa ba ya karɓar kowane tarkace.

Zan iya rama. Wallahi cikin ruwan sanyi. In saki nawa tsarin, sabon suna, in raba masu ɗinki gida biyu, wannan injin ba ya jin wancan, ku yi ta amsa waya har kunnenku ya yi zafi… su kuma masu shaguna? Yaya? Rigar nan?

"In abin ya fi ƙarfinka, in kira Gilashi."

Ba da wasa ta faɗa ba. Wayar na hannunta.

A'a. Layi ɗaya ne zan canza a fayil ɗin, lakabin nan. Goge nawa — ga shi, ya tafi, ko ƙara bai yi ba. Sunan kamfani, harafi, harafi, ɗigo… yatsuna sun ma san hanya.

Allura ta sauka. Furen yana cika, daidai yadda na zana shi, ko zare ɗaya bai kauce ba. Yaya ta ajiye waya ta koma kan almakashinta. Ashe ba ya bukatar sunana… yana tafiya dai. Yana ta tafiya, ni kuma hannuna har yanzu yana kan madannai, ban san me zan danna ba.