Baba Namadi a Ƙofar Majalisa

Baba Namadi ba shi da ɗa ko jika a Illo, Jannatu kuma ba ta da kaka. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. A da dillalin albasa ne mai kai kaya ƙetaren iyaka, har ciwon suga ya zaunar da shi, ya kashe masa tafin ƙafa. Ko ƙaya ya taka ba ya ji.

Da makarantar su Jannatu ta shirya kai ɗalibai ganin tsohon ginin majalisar ƙasa, iyaye suka ce 'ya'yansu mata ba za su yi wannan nisa ba sai da dattijo. Baba Namadi ya ce ga shi.

"Tun ina saurayi nike jin labarin wanga gida a rediyo," ya ce wa Jannatu. "In shiga dai, in zamna bisa kujera guda, ya ishe ni."

Rana ta take lokacin da suka isa. Malama Mashkura ta shige gaba da layin yara. A gindin matakala Baba Namadi ya yi abin da yake yi a ƙofar kowane babban gida: ya tuɓe takalmansa, ya miƙa wa Jannatu, ya ce mata da Dendanci, yarensu na gida, ta riƙe masa. Ta sa a jaka. Layi ya ja ta ciki, mai gadi ya tare shi da hannu.

"Kai tsoho, ina za ka ba takalmi? Nan ba wurin bara ba ne."

"Girmamawa ce, yaro."

"Wane yare ma na ji kana yi? Anya ɗan ƙasar nan ne kai?"

"Ni? Ni da nike jefa ƙuri'a tun ba a haife ka ba?"

"Koma can ka tsaya." Ya nuna masa tsakiyar farfajiya, ya rufe ƙofa.

Jannatu ta kutsa har gaba, ta ja mayafin malamarsu. "Malama, an hana Baba shiga, kuma takalmansa na wurina!" Malama Mashkura ta roƙi mai yi musu jagora. Ya ce ba a fita ta ƙofar shiga, sai an gama zagaye. Ta sake roƙo, ta ce mutumin ba shi da lafiya. Ya ce doka ce, ya ci gaba da bayanin shekarar da aka kafa ginshiƙai.

Da suka fito ta baya suka zagayo, Baba Namadi na nan tsaye inda aka nuna masa, kan siminti mai zafi kamar tanda. Ga inuwar itace kusa, amma bai matsa ba, don kada a zo kiransa a rasa shi. Jannatu ta durƙusa za ta sa masa takalmi, ta ga fatar tafinsa ta saluɓe. Shi bai ma sani ba.

"Sa'an kakanka ne fa!" Malama Mashkura ta daka wa mai gadin tsawa. "Ko benci ba ka iya ba shi ba?"

Mai gadin ya ce shi ba ya aikin benci.

Ƙunar ba ta warke ba. Ta yi ruwa, ta yi baƙi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, likita ya ce ciwon ya riga ya shiga jini. Wata la'asar Jannatu ta kai masa kunu, ta same shi kwance a zaure, an rufe ƙafafun da zane saboda ƙudaje.

"Uwar surutu, kin yi shiru tun da muka dawo. Mi kika gani ciki?"

"Kujeru, Baba. Masu laushi, jeri bisa jeri. Ga sanyi kamar cikin randa."

"Cike da mutane?"

"Ba kowa, Baba."

Ya lumshe ido. "To, madalla. Ke dai kin gani."

Washegari da hantsi ya rasu. Maza suka cika zauren, suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Jannatu na tsaye a bakin katanga, ba ta musa ba. Abin da ta sani shi ne, a ranar da suka je majalisa akwai wurin zama a ciki wanda zai ɗauki mutanen unguwarsu duka, kuma babu wanda yake zaune a kai.