Kashi na Uku Yana Hannun Yaya

A gidanmu yaga littafi ake yi kafin a karanta shi. Tun muna yara, ni da Yaya ba mai iya jiran 'yar'uwarta ta gama, har ranar da Inna ta gaji da rabon faɗa, ta ɗauko wuƙar kicin ta tsaga littafin ta baya, ta miƙa wa kowa rabi. Ni aka ba rabin ƙarshe, na wuni ina kuka. Daga nan muka tsara abinmu: a raba littafi uku, Yaya ta shiga gaba tunda ta fi ni sauri, in ta gama kashi ta miƙo mini. Mun girma, ta zama ma'aikaciyar jinya, ni kuma ina guga a shagon wanki, amma ba mu daina ba.

Wanda muke kai a wannan karon tsohuwar tatsuniya ce aka sake wa riga, ta yarinyar da dodon ruwa ya ɗauke. Sai dai a nan uwar dodon ce ke ba da labarin, wata tsohuwa mai mita da ta gaji da ɗanta yana kwaso mata 'ya'yan mutane. Na so tsohuwar nan kamar kakata ce. A ƙarshen kashi na biyu ta buɗe wa yarinyar ƙofar da ke ƙarƙashin kogi, ta ce in za ta gudu ta gudu yanzu. Wuƙa kuwa ba ruwanta da jimla. Layin ƙarshe cewa ya yi, "Sai yarinyar ta ajiye fitilar, ta dubi tsohuwa ta ce," shi ke nan, sai zare da busasshen gam.

A ranar ne Kawu ya kawo rigunansa shago. Yana zube su kan kanta ya ce, "Auta, ke za ki raka Yayarki tasha, ko?"

"Tasha kuma? Ina za ta?"

Ya dube ni, ya dubi rigunan, ya fara sosa ƙeya. Ashe ta samu aiki a wani asibiti mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Inna ta sani, Kawu ya sani, har maƙwabta sun yi mata fatan alheri. Ni kaɗai aka bari a duhu, ni da muke raba littafi da ita. Raina ya ɓaci sosai, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro, don ban san yadda ake zama babu Yaya ba. Ta kira na ƙi ɗauka. Ta sake kira na kife wayar.

To amma kashi na uku yana hannunta.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In na ɗora dutsen guga kan riga sai in ji kaina a ƙarƙashin kogi, ina jiran yarinyar nan ta buɗe baki. Na goge hannun riga ɗaya har sau biyu na bar ɗayan a yamutse. Na saka wandon wani a ledar wani. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta zare wayar dutsen daga bango ta ce, "Baiwar Allah, kafin ki ƙona mana shago, ki duba waya mana. Ai wani ya riga ya rubuta yadda ya ƙare."

"Ba haka ake yi ba."

"To yaya ake yi? A yi ta zagaye teburi kamar kazar da ke neman wurin ƙwai?"

Da hutun rana na fita, ƙafata ta kai ni shagon littattafai da ke bayan tasha. Ga shi nan a kan kanta, cikakke, ba tabon wuƙa. Na ɗauka na buɗe har na gano shafin, na ga "ta dubi tsohuwa ta ce," sai na danne sauran da babban yatsa. Na ji kamar na shiga ɗakin wani ba sallama. Mai shagon ya ce, "A naɗe miki?" Na mayar da shi na fito.

Da yamma Inna tana ninke kaya ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Fushi kike yi, ko littafi kike so?"

"Duka biyun."

"To gobe da safe motarta za ta tashi, sai ki zaɓi wanda ya fi damun ki."

Na ja mayafi na fita. Ɗakin Yaya ya zama kwalaye, labule a ƙasa, katifa a jingine da bango. Tana durƙushe tana ɗaure wani kwali da igiya. Ban gaishe ta ba.

"Kashi na uku na zo karɓa."

"Sannu da zuwa, Auta."

"Kowa ya sani ban da ni, Yaya. Har Kawu."

Ta saki igiyar ta zauna a kan dugaduganta. "Da na gaya miki kuka za ki yi. In kika yi kuka kuma fasawa zan yi, na san kaina. Aikin nan kuwa ina son sa."

Gaskiya ta faɗa, don kukan ya riga ya taho. Ta buɗe jakar hannunta ta ciro kashi na ukun. Na miƙa hannu, amma ba ta ba ni ba. Ta laluba kwalin kayan kicin ta zaro wuƙa, ta ɗora takardun a gwiwarta, ta tsaga su biyu. Ta miƙo mini na gaban, ta mayar da 'yan shafukan ƙarshe cikin jaka ta ja zif.

"Wace irin mugunta ce wannan? Ragowar fa?"

"Ki zo ki karɓa. Gidan da aka ba ni ɗaki biyu ne."

"Ke kin karanta, kin san yadda ya ƙare, ni ki bar ni a rataye."

"Ban karanta ba," ta ce. "A nan na tsaya. Ba zan buɗe ba sai kin zo."

Na dube ta da kyau. Yaya ce fa, wadda ko ruwan shayi ba ta iya jira ya tafasa. Ta kau da kai ta koma kan igiyarta, amma ƙullin ya ƙi ɗauruwa. Na ajiye takardun a kan katifa ban duba ba, na durƙusa na danne mata igiyar da yatsa.