Tandun Kwallin Inna Zalika

Surukata Inna Zalika ta sauka gidanmu a unguwar Amrigebe ana saura kwana huɗu suna. Kwana uku ta yi a hanya daga Damagaram don ta ɗauki jikarta ta fari, kuma washegarin suna motar 'yan kasuwar da ta kawo ta za ta juya da ita. Jaririyar tana cikin kwalba a asibiti, uwarta Rahmatu na gefe, sai ranar suna za a sallamo su.

Ni dai ban ga idon Inna ba. Ina ni ina kallon fuskar suruka? Na durƙusa na gaida tabarma. Ƙanwata Fa'iza ce ta raɗa mini cewa idon nata na dama ya yi jawur, yana ta ruwa.

"Ƙurar hanya ce," in ji Inna. "Kwalli zai wanke ta."

Inna ba ta da rowa, to nan gizo ke saƙar. Ta zo da tandun kwallin da ta gada wurin uwarta. Duk matar da ta shigo barka sai ta zaunar da ita, ta zizara mata da tsinken nan guda ɗaya da ta fara zizara wa kanta. Ana godiya, ana yabon sanyinsa.

Kafin kwana uku layinmu ya rine. Fa'iza ta tashi ido a manne. Mijinyawa mai shago, wanda matarsa ta kai masa tsarabar har ɗaki, ya koma auna sukari da baƙin tabarau kamar ɗan sandan ciki.

A asibiti na ba malamar da ke kula da jarirai labari. Ta ajiye biro.

"Afolo ne, Nafi'u. Ƙwayar cuta ce, tana bin hannu da gyale da tsinken kwalli. Babba zai warke da kansa cikin sati ɗaya ko biyu. Amma wannan 'yar mitsitsiyar, kada mai jan ido ya taɓa ta, kalas, magana ta ƙare. Ka gaya wa surukarka."

"Ni?"

"To wa?"

Na haddace maganar a kan babur tun daga asibiti har gida. Na durƙusa a ƙofar ɗaki, na yi gyaran murya, na ce, "Inna, garin nan akwai zafi." Ta ce ƙwarai kuwa. Na tashi na fita. Na gaya wa Rahmatu, ta ce ita ma bakinta ba zai iya ba.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Zalika. Mata suka yi guɗa, aka ce a kai wa tsohuwa takwararta. Rahmatu ta taho da ita a hankali, tana waiwayena. Na ji haushin kaina sosai.

Inna ta miƙo hannu biyu, sai ta tsaya. Ta bi matan tsakar gida da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowace da jan ido, kowace kuma ta zauna a gabanta cikin kwanakin nan. Ta janye hannuwanta ta mayar baya, ta harɗe su.

"Tsaya daga nan," ta ce wa Rahmatu. "Juyo mini fuskarta kawai."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce hancin na gidansu ne, kunnuwan kuma sai haƙuri, na uban ne. Aka yi dariya, ni kuwa tausayinta ya cika ni.

"Inna, ko ki ƙara sati?" in ji Rahmatu.

"Tsohonku ba mai ba shi magani sai ni." Ta ƙara leƙa zanen goyon daga inda take. "In ta yi wayo, ki gaya mata na zo."