Lamba Uku

Babana ne ya kafa mini dokar tun ranar da na fara aikin ɗaukar sauti: da zarar darakta ya ce a dakata, in sauke muryar kowa.

"Ɗan wasa mantawa yake da abin da kika maƙala masa, Auta," in ji shi. "Zai shiga banɗaki, zai zagi surukinsa a waya. Wannan ba rabon kunnenki ba ne."

Shekara talatin yana fitowa a fim, ya san bakin abokan sana'arsa.

Na'urar ba ta fi kwalin ashana ba. A ɗamara nake liƙa ta, in zura siririyar wayar makirufo ta cikin riga har wuya, muryar ta iso teburina ta iska. Sababbin da muka samu har ajiye sautin suke yi a ɗan katin da ke cikinsu, ko ina saurare ko ba na yi.

A wannan fim na'urar Baba ce lamba uku a teburina, kuma ban so ya karɓi aikin ba. Likita ya ce hawan jininsa ba na tsayuwa cikin rana ba ne. Da safe, ina liƙa masa tef a ƙirji, na sake tayar da zancen.

"Baba, ka sha maganin?"

"Ke likita ce ko mai sauti? Maƙala ki ba ni wuri."

Na maƙala, da ƙarfi ma. Taurin kai gado na yi, ba saye ba.

Da aka tashi cin abincin rana ya tafi mota ya kwanta, can bayan janareta. Na sauke muryoyi, na rataye abin sauraro a wuya. Ina cin abinci ina ganin koren layin lamba uku yana tsalle a allo. Ya tsaya, ya sake tsalle. Na ce a raina ƙarata yake kai wa direba, to ya kai. Har wani daɗi na ji, wai ni mai amana.

Ashe direban yana layin karɓar abinci. Mai kwalliya ce ta tarar da Baba, baki ya karkace, hannu ya saki.

Ya rayu, amma magana ta tafi. Likitan ya tambaye ni minti nawa ya yi kafin a gan shi, na ce ban sani ba. Ƙarya nake, amsar tana cikin katin na'urarsa, katin kuma yana jakata.

Sai bayan sati biyu na iya kunna shi. Minti goma sha ɗaya ne. Ƙarar janareta, numfashi, sai muryarsa tas, don aikina ba ya da tangarɗa.

"Auta. Auta, kina jina? Hannuna..."

Sai ya yi wata 'yar dariya, harshe ya riga ya yi nauyi.

"Ba ta ji. Ni na koya mata."

Yanzu ba na sauke muryar kowa. Na san mai tarin jini, na san mai kuka a banɗaki, na san mai zagina. Suna kirana Kunnen Gulma, jarumar fim ɗin ma cire na'urarta take da kanta ta dire mini a tebur. Su yi ta yi, ban ji haushinsu ba, haushin kaina ya ishe ni.

Kullum na dawo gida nakan ba Baba labarin aiki, ya gyaɗa kai. Jiya ya ga abin sauraro a wuyana, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi alamar sauke murya, yana tambaya da ido.

Na ce, "Ina saukewa, Baba."